Giwaye a Bayan Malam Hudu

Akwai ranar da har gobe ta ƙi fita daga raina, ita ce ranar da muka kai Malam Hudu na Kibiya ganin giwa. Na ɗauki hoton biki da suna da taron siyasa ba iyaka, yawancinsu ko fuskokin ban iya tunawa, amma wannan aikin yana nan daram. Ku da kuka shigo sana'ar nan a zamanin waya, bari in fara gaya muku yadda muke aiki a lokacin, in ba haka ba za ku ce mu duka ba mu da wayo.

A lokacin ni ne babban yaron shago a wajen maigidana, Alhaji Garba Mai Hoto, kusa da tashar Rano. Babban yaro shi ne wanda aka yarda ya fita aiki da kyamara shi kaɗai, sauran kuwa sai riƙe fitila da yankan fasfo. Fim muke sawa, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an tara an kai Kano an wanke. In ka ɗauki amarya ido a rufe, ba za ka sani ba sai ta riga ta tare. Shekarun nan ne da aka dawo mulkin farar hula, aka kuma ƙaddamar da shari'a a Kano. Siyasa ta buɗe mana kasuwa, don kowane ɗan takara yana son fosta. Shari'a kuma ta sa muka sauke hotunan 'yan mata daga allon ƙofar shago, muka liƙa na jarirai da na alhazai.

Wata rana cikin watan Maris, ana tsananin zafi, sai ga Honarabul Nasiru, wani kansila daga Kibiya, mutum mai fara'a da son a san ya zo wuri. Bayan sun gaisa da maigida ya ce yana son a ba shi aron mai hoto na kwana biyu, za su je babban gandun namun daji da ke ƙasar Bauchi.

Maigida ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, namun dawa ma ƙuri'a za su kaɗa maka?"

Kansila ya ce, "A'a Alhaji, Malam zan kai. Malam Hudu."

Nan take maigida ya daina dariya, don duk yankinmu ba wanda bai san Malam Hudu ba. Malamin allo ne, ya manyanta sosai, kuma rabin magidantan unguwarsu a gabansa suka koyi baƙi da wasali, har da shi Kansilan. Idonsa ne ya fara ba shi matsala. An kai shi asibitin ido a Kano, likita ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, ganin zai yi ta raguwa ne har ya ɗauke. Ya riga ya daina karanta rubutu, amma manyan abubuwa yana ganinsu in akwai haske. Saniya a tsallaken titi zai bambanta ta da jaki.

Kansila ya ce ranar da ya je gaishe shi bayan dawowa daga asibiti, Malam ya faɗi wata magana cikin raha: "Shekara da shekaru ina biya wa yara Alam tara kaifa, ina ba su labarin ma'abota giwa, ni kuwa ko wutsiyarta ban taɓa gani ba. Ga shi ido yana sallama." Kansila ya ce tun daga ranar maganar ta tsaya masa a rai, ya rantse sai Malam ya ga giwa kafin idon ya tafi. Ni kuma aikina in ɗauko hotuna, don a samu abin nuna wa ɗalibai.

Gaskiya na yi murna. Ban taɓa wuce Birnin Kudu ba, ga shi za a ba ni babbar kyamarar maigida da dogon bakinta mai jawo nesa kusa, wadda ko taɓa ta ba ya bari a yi. Ya ja mini kunne har bakin mota: "Lawan, in giwa ta taka ka, ka tabbata ka ajiye kyamarar a gefe tukuna."

Muka ɗauki Malam a ƙofar zaurensa bayan sallar asuba. Dogo ne siriri, da farin rawani, da buzunsa a naɗe da butarsa. Da na durƙusa na gaishe shi ya ce, "Kai ne mai hoton? To ka ɗauki halittun Allah iya son ranka, amma ni ka bar ni. Na fasfon Makka ya ishe ni." Na ce na ji, Allah gafarta Malam. A hanya shi ne ya fi kowa magana. Duk garin da muka wuce sai ya ambaci wani malami da ya sani a can, duk garken shanun da ya hango sai ya nuna da carbinsa. Mutumin da muke gani a zaure fuska a ɗaure, sai ga shi yana tambayar direba ko saura nisa, kamar yaro za shi hawan salla.

Ƙa'idar gandun ita ce ba a shiga daji da motar gida. Akwai buɗaɗɗiyar motarsu mai kujeru a baya, ana fita da safe, ana kuma fita da yamma, kuma dole a haɗa ku da ɗan rakiya daga cikin masu gadin dajin. Namu sunansa Bulus, ɗan ƙasar ne, baƙi kakkaura mai bindiga a kafaɗa. Kafin mu tashi ya karanta mana dokoki: ba sauka sai ya ce a sauka, ba ɗaga murya, ba jefa wa dabba abinci. Ya kuma ce giwa ba ta da alkawari da kowa, wani ya yi mako bai gan ta ba, wani kuwa yana shiga ya ci karo da ita. Malam ya ce, "Muna fata dai."

Muka fita da yamma, rana da sauran ƙarfi. Muka ga gwanki, muka ga mugun dawa da 'ya'yansa sun ɗaga wutsiya suna gudu, muka ga manyan birai sun zauna a tsakiyar hanya ko gezau. Duk abin da ya gilma sai Kansila ya ce, "Malam, ga shi can!" Wani Malam ya gani, wani ya ce ya ga motsi kawai. Ni kuwa na yi ta danna kyamara, har Kansila ya ce in rage, in bar wa giwa fim.

La'asar ta yi muna can ciki. Malam ya tambayi Bulus ko akwai inda za a yi salla. Bulus ya kai mu wani tudu a bakin rafi, inda ya ce nan ne ake barin baƙi su sauka, don gaɓar tana da tsawo, dabba ba ta hawowa. Muka yi alwala da ruwan da muka zo da shi, Malam ya ja mu salla. Da aka sallame, mu muka miƙe, shi kuwa ya gyara zama a kan buzunsa, ya fuskanci alƙibla, ya ciro carbi ya shiga lazimi. Ga wanda bai sani ba, lazimi wuridi ne da mutanen ɗarika suke yi safe da yamma, kuma ba a magana a cikinsa. Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san in Malam ya kama carbin nan, ko tari za ka yi sai ka fita waje. Muka ja gefe muka tsaya. Rafin yana bayansa, ta yamma.

Bai yi nisa da farawa ba sai Bulus ya dafa kafaɗata, ya nuna tsallaken rafi da haɓarsa. Da farko na ɗauka duwatsu ne a cikin itatuwa. Sai dutse ɗaya ya kaɗa kunne. Garke guda ne, manya da ƙanana, suka gangaro bakin ruwa a jere. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne shirunsu. Dabba mai wannan girma, amma ba ka jin takunta, sai dai can ba a rasa ba ka ji reshe ya karye. Tsakaninmu da su bai fi nisan jifa ba. Babbar cikinsu ta tsaya daidai saitin bayan Malam ta zura hancinta a ruwa. Da zai waiwaya kawai, wallahi da ta cika masa ido.

Bulus ya matso kusa da Kansila ya yi masa raɗa: "Oga, ba don wannan Baba ya zo ba? Ku taɓa shi mana."

Kansila ya zaro ido kamar an ce ya mari mahaifinsa. Ya ce, "Malam yana wuridi."

"Ba za su daɗe ba fa."

"Ya kusa idarwa. Lawan, ɗauka, ɗauka! Ko sun tafi ma nuna masa."

Kada ku ga laifin Kansila. Mutum ne da tun yana ƙarami aka koya masa ba a katse malami, kuma ni ma da ni aka ce in taɓa kafaɗar Malam Hudu yana riƙe da carbi, hannuna ba zai miƙu ba. Direba ma sunkuyar da kai ya yi. Shi Bulus baƙo ne a cikinmu, ya ga mu da muke da Malam mun yi shiru, sai ya ja bakinsa. Kowa ya zuba wa yatsun Malam ido yana jiran su kai ƙarshen carbi, su kuwa suna tafiya a hankali kamar kullum.

Ni dama na samu abin yi. Rana tana bayan giwayen, tana dukan bakin kyamara kai tsaye, kuma kun san wannan shi ne mafi munin haske a sana'armu. Na durƙusa, na miƙe, na kare bakin da hulata, na buɗe na rage, ina ta lissafin yadda za su fito. Ba tunanin Malam nake ba, tunanin abin da maigida zai ce in na kawo masa baƙin hoto nake. Sai da fim ya ƙare na sauke kyamara. Ina saukewa na ga bayan ta ƙarshe tana shigewa cikin itatuwa.

Jim kaɗan Malam ya shafa addu'a, ya juyo yana murmushi ya ce, "To Bismillah, mu je neman mutuniyar." Ruwan rafin bai ma gama kwantawa ba. Kansila ya ruga ya ɗauki buzu, ya ce, "Mu je, Allah gafarta Malam." Da muka zo hawa mota ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Kada wanda ya gaya masa. Gobe da safe ma gan su, shi ke nan magana ta wuce."

Da safe muka sake fita. Muka zaga har rana ta take, ba giwa ba dalilinta. Bulus ya yi iya ƙoƙarinsa, har ya bi da mu hanyoyin da ya ce ba a saba bi da baƙi ba. Daga ƙarshe ya tsayar da mota a wani wuri mai laka, ya ce Baba ya sauko ya ga sawu. Aka riƙo Malam ya sauko. Ya tsuguna, ya sa tafin hannunsa cikin sawun, ya shafa gefensa a zagaye, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah. Ƙafa ke nan fa. To alhamdu lillahi, ba mu ga giwa ba amma mun ga inda ta taka. Ba rabo, Nasiru, kada ka damu." Kansila ya kau da kai. Ni ma sai na tsiri goge bakin kyamara da ba abin da ya same shi.

A hanyar dawowa Kansila ya ce za mu komo ba da daɗewa ba. Bulus dama ya gaya mana in ruwa ya sauka ciyawa takan rufe daji, giwaye su watse, sai kuma wata bazarar.

Na kai fim Kano da kaina. Hotunan suka fito yadda na ji tsoro, giwayen baƙi ƙirin, bayansu fari fat, amma dai kowa ya gani ya san giwa ce. Maigida ya yaba, ya ce a irin wannan haske ko shi iyakarsa ke nan. Na kai wa Kansila nasa. Shi kuma, da yake Allah bai yi shi da iya ɓoye abin alfahari ba, kafin mako ya zagayo ya nuna wa duk wanda ya shiga ofishinsa. Kibiya kuwa ba ta da girman da magana za ta ɓata a hanya. Ran kasuwa sai ga saƙo, Malam yana nemana, in zo da hotuna.

Na same shi a zaure da hantsi, shi kaɗai. Na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya ce in miƙo. Na zaɓi wanda na sa aka faɗaɗa, mafi girma da ake iya yi mana a lokacin, na ba shi. Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya kawo shi dab da fuskarsa, ya nisanta shi, ya karkata kai ta gefen idon da ya fi gani. Ya juya shi sama ya koma ƙasa. Can ya ce, "Baƙi nake gani a kan fari, kamar tawada ta zube a allo. Wannan ita ce?"

Na ce, "Ita ce, Allah gafarta Malam."

"Yaushe ka ɗauka? Ai tare muke tun fita har dawowa."

Ba yadda zan yi, na gaya masa. Na ce lokacin da yake lazimi a bakin rafi ne, suna bayansa, kusa ƙwarai.

Ya ɗora hoton a cinyarsa ya dafe shi da hannu biyu. Ya ce, "Na ji karyewar reshe. Na ɗauka ku ne kuke yawo." Sannan ya ce, "Lawan, ai da kun taɓa ni. Lazimin yamma lokacinsa yana nan har bayan magariba. Sai in duba, in yi tasbihi, in sake shi daga farko. Wa ya ce muku Allah zai yi fushi don tsoho ya waiwaya ya kalli halittarsa?"

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Mun ji nauyi ne, Malam."

Ya ce, "Na sani. Ni na koya muku." Ya ɗan yi murmushi. "To tunda kai ka gani, zauna ka ba ni labari. A tafsiri an ce giwar nan da aka nufo Ka'aba da ita durƙusawa ta yi ta ƙi tashi. Na daɗe ina tunanin yadda dabba mai wannan nauyi take durƙusawa. Gwiwarta irin ta raƙumi ce? Da suka zo shan ruwa, akwai wadda ta durƙusa? Idonta fa, babba ne ko ƙarami?"

Na tuna inda rana take, na tuna yadda na kare bakin kyamara da hula, na tuna lokacin da fim ya ƙare. Amma gwiwa, ko ido, ko wadda ta durƙusa, wallahi ban sani ba. Duk tsawon tsayuwarsu ta ƙaramar kafar kyamara na leƙa su, ido ɗaya a rufe. Na ce, "Allah gafarta Malam, ban lura ba."

Ya ce, "Ashe mu biyu ne." Ya miƙo mini hoton ya ce in kai wa ɗalibai su gani, su idonsu da sauran ƙarfi. Ya kuma ce kada in gaya wa Nasiru yadda muka yi, yaron ya yi abin da zai iya.

Ban gaya masa ba, amma ya sani. Da bazara ta zagayo ya sake shirya tafiya, har ya zo shago ya ce in shirya. Malam ne ya aiko a ce masa ya bar wahalar da kansa. A lokacin ko wanda ya shigo zaure sai ya yi sallama yake gane shi. Ya yi 'yan shekaru a haka yana biya karatu da ka, sannan Allah ya karɓi abinsa. Na je jana'iza, na hango Kansila a can gefe, muka haɗa ido, ba wanda ya iya zuwa wajen wani.

Abin yana damuna har yanzu, ba zan ɓoye muku ba. Ba mugu ko ɗaya a cikinmu ranar nan, ladabi ne ya yi mana yawa, kuma kyamarar da ke hannuna ita ta ba mu hujjar yin shiru. Da ba mai hoto a tafiyar, ina jin dole wani ya yi ƙarfin hali ya taɓa shi. Wannan ita ce cutar sana'armu: muna tsaye a wuri, sai mutane su saki jiki su ce ai akwai hoto, an gani daga baya. Mu ma mu yarda, don daɗin ji gare mu.

Shi ya sa kuke gani in mun je aiki, ko saukar alhazai ko ɗaurin aure, nakan fara duba wanda aka yi taron dominsa kafin in ɗaga kyamara. In na ga tsohuwa an bar ta a bayan mutane, ko dattijo ya sunkuya, nakan je da kaina in ce, "Baba, ɗago ka gani." Kuna yi mini dariya kuna cewa Oga ya cika shisshigi, wani lokaci har hoton ya wuce ni. Ya wuce ɗin. Na taɓa samun hoto bai wuce ni ba, na kai wa mai shi, ya riƙe shi a hannu yana tambayata ko ita ce.